Abin da Ya Rage a Kan Mataci

Tun ran da na komo daga Ingila editan wannan mujalla tamu bai bar ni na huta ba. Duk inda muka gamu, ko a bakin masallaci ko a ƙofar laburare, sai ya ce, "Malam, ina alkawarinmu?" Ni kuwa abin da ya sa na yi ta noƙewa shi ne aikin da na je koyo ba shi da daɗin labari. Wanda ya ji an ce mutum ya yi shekara guda a ɗakin binciken laifuffuka sai ya zaci zai sha labarin bin sawun ɓarayi da harbe-harbe irin na sinima, alhali kuwa ban taɓa sa ɓarawo a idona ba. Abin da na yi ta gani safe da yamma shi ne ruwa, ruwan ma ɗan mitsitsi wanda ko gindin cokalin shayi ba zai rufe ba, aikina kuma shi ne in rage shi. To, da ya ke ya nace, ga abin da ya samu. In 'yan'uwana ɗaliban adabi sun ga na cika lissafi, su yi mini aikin gafara.

Bari in fara share fage. A cikin galibin ire-iren ƙwayoyin da suka haɗu suka zama jikin ɗan Adam akwai wani zare siriri wanda a ke kira DNA. Gidajen rediyo kan ce masa ƙwayar halitta, amma ni zan bar shi da sunansa don kada ya rikice mana da ƙwayoyin jiki. Rabinsa daga uwa mutum ya ke gadonsa, rabi daga uba. A 1984 wani malami a Jami'ar Lesta, Alec Jeffreys, ya gano cewa akwai wurare a jikin zaren nan da suka bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum, har a iya gane mai shi da su. Ba a jima ba, a 1986, aka yi amfani da wannan ilmi a shari'ar kisan wasu 'yan mata biyu a ƙauyukan da ke kusa da Lesta, kuma abin da ya fara yi shi ne wanke wani saurayi ɗan shekara 17 wanda ya riga ya amsa laifin ɗaya daga ciki da bakinsa. Ainihin mai laifin sai a 1988 aka ɗaure shi. A zamanin nan sai an sami tabo babba na jini ko maniyyi kafin gwaji ya yiwu. Daga baya aka shigo da dabarar da Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983, wadda ta kan ɗauki ɗan guntun zare ta yi ta kwafarsa har ya zama miliyoyi. A 1997 kuma wasu masana biyu a Ostireliya suka nuna cewa ko abin da mutum ya taɓa da hannu kawai, kamar ƙotar wuƙa ko alƙalami, ana iya samun zarensa a kai.

Daga nan ne wahalarmu ta samo asali, domin tun da aka san haka 'yan sanda suka shiga kawo kome da kome: marfin kwalba, igiya, wuyan riga, sitiyarin mota. Abin da a ke samu a jikin irin waɗannan kaya kuwa kaɗan ne ainun. Ga lissafin. In ka raba giram ɗaya gida miliyan dubu, kashi ɗaya shi ne nanogiram, in ka sake raba nanogiram gida dubu, kashi ɗaya shi ne fikogiram. Ƙwayar jiki ɗaya tana ɗauke da fikogiram kamar 6 na DNA. Injin kwafa ya fi son a ba shi rabin nanogiram zuwa ɗaya, watau abin da ke cikin ƙwaya 80 zuwa 160. Sa'an nan ga matsalar wuri. Bayan an wanko zaren daga audugar da aka goge kaya da ita, a kan same shi narke cikin ruwa maikurolita 50 zuwa 100, watau ɗigo ɗaya ko biyu, amma 'yar kwalbar kwafa ba ta karɓar fiye da maikurolita 15 a irin kayan da muka yi aiki da su. Ka ɗauka an sami fikogiram 120 cikin maikurolita 100, watau ƙwaya 20. In ka ɗebi 15 ka zuba, abin ƙwaya 3 kurum ka ba injin, sauran 17 suna can zaune a kwalba ba su yi maka amfanin kome ba. In kuwa ka rage ruwan ya koma 20 sa'an nan ka ɗebi 15, abin ƙwaya 15 ka ba shi. Tsakanin 3 da 15 ɗin nan, ya mai karatu, ta yiwu nan ne sunan wanda ya yi kisa ya ke, ko kuwa kuɓutar wanda bai yi ba. Wannan rage ruwa shi na ke kira kaurarawa, kuma shi ne dukan abin da zan yi magana a kai.

Hanya mafi sauƙin ganewa ita ce ƙafewa. A sa kwalabe cikin wani inji mai juyi wanda ya ke zuƙe iska, ruwa ya yi ta tashi har ya ragu. Duk wanda ya taɓa tsayawa inda a ke dafa mazarƙwaila ya san yadda abin ya ke, ya kuma san aibinsa: ruwan rake ya kan tafi, zaƙi ya zauna, amma duk dattin da ke cikin tukunya shi ma yana nan, har ya fi da ƙarfi. Dattinmu shi ne gishirin magungunan wanki, da jan sinadarin jini, da baƙin gashi, da ruɓaɓɓen ganye na cikin ƙasa, waɗanda duk su kan hana injin kwafa aiki. Wani abin da ya ba ni dariya ran da na ji shi, cikin manyan abokan gaban injin nan har da shuni, wanda a ke rina wandon jins da shi. Na ce ashe baban marinar Ƙofar Mata ya riga ni zuwa Turai, har ya yi suna a wurin masana.

Saboda haka a ɗakinmu tacewa muka fi yi. Akwai wani ɗan mataci na roba mai suna Microcon, tsawonsa bai kai ɗan yatsa ba, a gindinsa akwai wata fata mai ƙofofi ƙanana waɗanda ruwa da gishiri kan wuce ta ciki amma zaren DNA ba ya wucewa. Za ka zaunar da matacin a bakin kwalba, ka zuba ruwan gwaji da matsotsi, ka rufe, ka sa cikin injin juyi ya yi ta wulwulawa kamar katantanwa wajen minti 20. Sa'an nan ka ciro, ka duba da ido ko ruwan da ya rage a sama ya yi daidai. In ya yi yawa ka mayar, in kuwa ka bari ya bushe ƙarau to zaren ya manne wa fatar, da wuya ka same shi duka. In ya yi daidai sai ka kife matacin cikin sabuwar kwalba, ka sake juyawa kaɗan, ɗigon ya faɗo, ka auna shi, ka rubuta. Kowane samfuri yana da kwalba biyu ko uku, kowace da lambarta, injin juyi kuma yana cin 24 a tashi ɗaya. Kana buɗe wannan sai ka rufe kafin ka taɓa waccan, kana sake safar hannu a kai a kai, fuskarka a rufe, ba ka magana don kada yawunka ya fantsama ya zama shaida a shari'ar da ba ka san da ita ba. Kafin la'asar babban yatsanka ya yi tsami, lambobi kuma sun fara rawa a idonka.

A nan ne na yi abin kunyar da ban taɓa gaya wa kowa a gida ba sai yau. Sa'ad da na ke yaro ni ne mai riƙe wa kakata bakin ƙyalle in tana tatar kamu. Ta zuba markaɗen gero, ta matse, farin ruwa ya zuba a ƙwarya, dusar da ta rage a ƙyalle kuwa a ce in kai wa awaki. Shekara da shekaru hannuna ya san cewa abin da ya wuce ƙasa shi ne abin kirki, abin da ya tsaya a sama na dabbobi ne. A matacin Turawa kuwa lamarin a juye ya ke. Kaina ya san haka sarai, na ma rubuta shi a jarrabawa na ci. Amma wata ranar Alhamis da yamma, ina kan gwajin ƙwarewa wanda sai mutum ya haye shi a ke yarda ya matso kusa da kayan shari'a, na ciro kwalba ta 19, na zare matacin na jefa a kwandon shara, na rufe ruwan ƙasa da kyau na manna masa lamba. Sai da na ɗauki ta 20 na ji gabana ya faɗi. Na leƙa kwandon, ga matacin can kwance cikin safofin hannu da tsummokin goge tebur, ba shi da sauran amfani.

Shugabar ɗakin, wata dattijuwa wadda ta yi fiye da shekara 20 a aikin, ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi in zauna in rubuta abin da ya faru da hannuna, in sa kwanan wata da sa'a. Da na gama ta karanta, sai ta ce, "Wannan yawun abokin aikinmu ne, gobe sai mu sake karɓo wani. Ka yi tunanin ranar da zai zama abin da aka kankaro daga ƙarƙashin farcen matar da aka riga aka binne." Na sake gwajin bayan mako uku na haye, amma tun daga ran nan na daina yarda da hannuna.

Don haka ran da aka ce an kawo injin da zai karɓi aikin kaurarawa, duk ɗakin ba wanda ya kai ni murna. Akwati ne na gilashi, girmansa kamar teburin mai shayi, a ciki akwai hannu mai matsotsai takwas wanda ke tafiya a kan dogo. Maimakon kwalabe ɗai-ɗai, faranti ya ke amfani da shi mai gurabu 96, jeri 8 sau 12, kamar gidan dara da aka faɗaɗa. Kowane samfuri da lambarsa ta zane-zane wadda injin ke karantawa da kansa, saboda haka ba ya ɗaukar na Audu ya zuba a gurbin Tanko. Ba ya kuma tacewa. Wani gari ya ke zubawa mai launin ƙasa, wanda maganaɗisu ke ja. In an haɗa garin da wani ruwa mai gishiri sai zaren DNA ya manne masa. Sa'an nan a ɗora farantin a kan maganaɗisu, garin ya taru a jikin bangon gurbi, hannun ya zuƙe ruwan ya zubar, ya wanke garin da sifirit, a bari ya sha iska, kana a zuba ɗan ruwa mai tsabta kaɗan, zaren ya saki garin ya koma cikinsa. An ɗauko shi daga ruwa mai yawa an sauke shi a ruwa kaɗan ke nan, an kuma bar dattin a baya. Abin da ni kan yi yini ina fama da 24, shi kafin azahar ya gama 96, ba ya hamma, ba ya tuna kakarsa.

Sai dai ba a sa sabon inji a kan kayan shari'a sai an gwada shi an tabbatar, kuma wannan gwaji shi aka ba ni ya zama aikin digirina. Tsarin ba wuya. In haɗa ruwa wanda na san adadin zaren da ke cikinsa, daga mai yawa har zuwa mai ɗan kaɗan, in raba biyu, rabi in kaurara da hannu, rabi in ba injin, sa'an nan in auna abin da ya fito, in kwafa, in duba sakamako. Sakamakon kan fito ne a kwamfuta kamar jerin tsaunuka, kowane tsauni alama ce ta abin da mutum ya gada daga uwa ko uba a wuri kaza. A samfurori masu ƙarfi tsaunukan injin suka fito cif, ba ɗaya da ya ɓace. Na yi ta murna. Da na gangaro kan masu rauni sai na ga na hannu suna ba da tsaunuka, gajeru dai amma ana karanta su, na injin kuwa fili fetal, sai ɗaya nan ɗaya can. Na koma kan awo, sai na ga ashe a kowane mataki injin yana zubar da kaso mai yawa na zaren, har a masu ƙarfin. Abin da ya rufa masa asiri shi ne, mai buhu goma in an sace biyar ba ya kwana da yunwa, mai mudu biyu ne ya kan ji a jikinsa. Samfurin shaida da a kan sa cikin kowane faranti don a tabbatar inji na aiki kuwa kullum mai ƙarfi ne, saboda haka kullum zai ce lafiya lau.

Ga inda Shaiɗan ya zo mini. A lokacin muna cikin Nuwamba ta 2023, kuɗin karatuna za su ƙare a ƙarshen Disamba, mai gidan da na ke haya ya riga ya tambaye ni ranar tashi. In na rubuta cewa injin yana da aibi, sai an nemo aibin, an gyara, an sake gwajin tun daga farko, wata biyu ke nan ko uku. In kuwa na haɗa dukan sakamakon na fitar da matsakaici, na ce kashi kaza cikin ɗari na tsaunuka sun fito, lambar za ta yi kyau, domin masu ƙarfi sun fi yawa a jerin. Ba ƙarya zan yi ba, kowace lamba gaskiya ce. Wani abokin karatuna ma ya ce mini ai samfurori masu rauni da ma ba a sa musu rai, kowa ya san haka. Na yi kwana uku ina juya wannan magana, har na fara tsara jadawalin a yadda zai ɓoye ramin. Ba na jin daɗin faɗar haka, amma haka aka yi.

Ran na huɗu, muna shan shayi da rana, shugabar ta shigo da labarin abin da a ke tonowa a jihar Kwinslan ta Ostireliya. Ban nuna mata jadawalina ba tukuna, hira ce kawai irin ta ma'aikata. Da dare na nemi labarin na karanta har ƙarfe biyu.

Ga yadda abin ya ke. A ɗakin binciken gwamnatin jihar da ke Birisben, kafin 2018, duk samfurin manyan laifuffuka da awonsa ya faɗa tsakanin nanogiram 0.001 da 0.0088 a maikurolita ɗaya, kai tsaye a kan tura shi a kaurara sa'an nan a kwafa. A farkon 2018 shugabannin ɗakin suka kai wa 'yan sanda takarda suna ba da shawarar a daina, don a sami saurin aiki. Lambar da aka ɗora a gaba ita ce cewa ƙasa da kashi 2 cikin 100 na irin waɗannan samfurori ne ke ba da sabon bayani, alhali wajen kashi 10 cikin 100 su kan ba da sakamako mai amfani. 'Yan sanda suka yarda. Daga nan duk samfurin da ya faɗa wannan rami sai a ajiye shi, a rubuta wa kotu cewa DNA bai isa a ci gaba da gwaji ba. Ku yi lissafin da kanku: in kwalba tana da maikurolita 100 a kan awon 0.0088, abin ƙwayar jiki fiye da 100 ne a ciki. Abin bai fito fili ba sai da wata masaniya, Dokta Kirsty Wright, ta duba takardun shari'ar wata budurwa 'yar shekara 23 da aka kashe a garin Mackay a 2013, ta ga abubuwan da hankali ba zai ɗauka ba, ta yi ta magana har gwamnati ta kafa hukumar bincike a ƙarƙashin tsohon alƙali Walter Sofronoff. Ya ba da rahotonsa a Disamba ta 2022 da shawarwari 123, ya kuma ce maganar nan da a ke rubuta wa kotu ba gaskiya ba ce.

Wannan ya isa ya hana mutum barci, amma na biyun shi ya fi taɓa ni. A 2023 aka sake kafa wata hukuma a ƙarƙashin tsohuwar alƙaliya Annabelle Bennett, domin an gano cewa tun a 2007 ɗakin ya koma wanko DNA da inji, kuma gwajin da su da kansu suka yi ya nuna injin yana fitar da zare ƙasa da na hannu, a wani wurin ragin ya kai kashi 92 cikin 100. Lambobin suna nan cikin rahoton gwajin, amma abin da aka rubuta a taƙaitawa shi ne hanyoyin biyu sun yi daidai da juna. Aka ci gaba da wannan hanya har 2016. Shari'un da ya zama tilas a sake dubawa dubun dubata ne, ciki har da na fyaɗe da kisa. Na ajiye wayar na dubi jadawalina. Wanda ya rubuta taƙaitawar can, na ce a raina, ƙila shi ma yana da mai gidan haya. Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa, to nawa ya riga ya fara hayaƙi.

Ranar Juma'a na buga wa kawuna waya, wanda ya yi shekara 30 yana rajistara a kotun alƙali kafin ya yi ritaya. Ba shawara na nema ba, kuɗin haya na ke son in roƙa, amma sai da na yi masa bayanin dalili. Ya saurara har na gama, sa'an nan ya ce, "To ɗana, ni ban san injinku ba. Amma a kotu in mai shaida ya zo ya zauna a zaure, masinja ya ƙi kiransa don muryarsa ba ta da ƙarfi, kana aka rubuta a littafi cewa ba shaida, wa ya yi zalunci, alƙali ko masinja?" Na ce masinja, Kawu. Ya ce, "To kai ne masinjan. Nawa ne kuɗin hayar?"

Ran Litinin na kai wa shugabar sakamakon a rarrabe, kowane mataki da nasa, ramin a fili. Ta duba ta ce in ɗauko faranti mu sa wa injin ido. Muka cika gurabu da ruwa da gari ba tare da zare ba, muka ja kujeru muka zauna gaban gilashi kamar masu kallon talabijin. A zagaye na biyu muka gani. In maganaɗisu ya ja garin, ya kan taru ne kamar zobe a jikin bango, sama kaɗan da gindin gurbi. Kamfanin ya tsara injin a kan ruwan ƙarshe mai yawa, wanda ke rufe zoben. Mu kuwa da ya ke kaurarawa mu ke so, mun rage ruwan ƙarshe zuwa maikurolita 20, sai ya zama ruwan yana kwance a gindi, rabin zoben yana sama a bushe, zaren da ke jikinsa bai taɓa jiƙa ba balle ya sauko. Ga shi kuma mun tsawaita lokacin shan iska don tsoron sifirit, wanda shi ma ya kan hana kwafa, har garin ya kan bushe ya tsattsage kamar fadama da rani, busasshen gari kuwa ba ya sakin zare da sauƙi. Mutum mai matsotsi a hannu da ya ga zoben zai kora shi ƙasa da ruwa ba tare da ya ma yi tunani ba. Injin ba ya gani, inda aka ce ya zuba nan ya ke zubawa, ko sau dubu ne. Gyaran bai fi layi biyar ba a cikin umarninsa: ya zuba ruwan a jikin bango, ya zuƙa ya fesa sau da yawa, a rage shan iska, a ɗan ɗumama farantin. Gano layukan nan da sake gwajin duka su suka ci mini mako tara.

Kada wani ya karanta wannan ya ce na dawo ina zagin inji. Wanda ya jefa mataci na 19 a shara ba shi da bakin yin haka. In yau aka ce ƙanwata ce ke jiran sakamako, inji zan zaɓa, in dai an gwada shi a kan samfuri mai rauni. Abin da na lura da shi kawai shi ne kuskurena na hannu ya tsaya a kwalba ɗaya, na kuma ji shi a jikina kafin minti guda, na injin kuwa yana cikin gurabu 96 a kowane faranti, ba wanda gabansa zai faɗi. Kuma ko ina aka sa inji akwai hannun da ke ɗora masa kaya. A Ingila ɗin ma, a 2011, wani ma'aikaci ya mayar wa inji farantin roba da aka riga aka yi aiki da shi maimakon ya jefar, sai zaren wani saurayi da aka kama kan tofa yawu a garin Ekseta ya shiga samfurin fyaɗen da aka yi a Mancesta. Ya yi wajen wata biyar a tsare kan laifin da aka yi a garin da ya ce bai taɓa takawa ba, kafin a gane a sake shi a 2012.

Jihar Legas ta buɗe ɗakin binciken DNA a 2017, kuma ba na shakka wasu daga cikin masu karanta wannan mujalla, 'yan Sashen Kimiyya da 'yan Sashen Shari'a, za su tsinci kansu wata rana ko dai a gaban irin wannan akwatin gilashi ko kuwa riƙe da takardar da ta fito daga cikinsa. Mintocin shan iska da muka daidaita a ɗaki mai sanyi da laima ba za su yi daidai da Kano a watan Maris ba, inda wanki ke bushewa kafin a gama shanya, balle a zo ga ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta a tsakiyar aiki. Sai an sake gwadawa a nan, da ruwa mai rauni, kowane mataki a rarrabe. Lauyan da aka miƙa wa takarda an ce DNA bai isa ba, yana da damar ya tambaya nawa aka auna, an kaurara ko ba a kaurara ba, kuma wa ya yanke cewa a tsaya.

Na miƙa aikina a farkon Maris ta 2024, wata biyu da 'yan kwanaki bayan lokacin da aka ɗibar mini. Kafin in taho shugabar ta sa aka ƙara gurbi ɗaya a kowane faranti, na samfurin shaida mai rauni, abin ƙwaya 20 kacal, wanda in bai fito ba a ke tsai da farantin duka. Kawu kuwa har yanzu ina biyansa kuɗin hayar wata uku, kaɗan-kaɗan, duk ƙarshen wata.